Wa aka tambaya a wannan binciken?

Wani labari da na karanta ya ce wani binciken digirin digirgir ya auna ko nas-nas masu bin marasa lafiya gida-gida a Birtaniya suna sa buƙatar mara lafiya a gaba. To, wa aka tambaya? In nas ce ta cika takardar tambayoyi, ai ba za ta ce ba ta sauraron mutane ba. Tsohuwar da ake zuwa wanke wa gyambon ƙafa, da 'yarta da ke kwana jinyarta, su suka san ko an zauna an ji ta bakinsu ko an naɗe bandeji an yi waje. Kuma labarin ya tsallake batun ƙarancin ma'aikata: a Ingila yawan waɗannan nas-nas a hukumar kula da lafiya ta gwamnati, NHS, ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 tsakanin 2009 da 2019, alhali tsofaffi masu ciwon suga da waɗanda suka zaɓi su cika a gida sai ƙaruwa suke yi. Wadda ke gudu daga allurar insulin zuwa canza robar fitsari, yaushe za ta tsaya jin damuwar mutum? Malam mai cewa a kwaikwayi Buurtzorg, ƙungiyar jinya gida-gida ta ƙasar Holan, ka tuna can tun 2006 rukunin nas-nas da ba su wuce 12 ba ke tsara aikinsu da kansu, babu manaja a kansu. Kana ganin NHS za ta sakar wa nata wannan ikon?