Sai dai in akwai inda za a tura shi

Na karanta wani rahoto da ke cewa jama'a da dama sun fi son ɗan sanda ya tura mai ƙaramin laifin shaye-shaye wurin magani maimakon ya kulle shi. Ni dai ina da ja. Mutane kan yarda ne muddin ba a ƙofar gidansu ake shaye-shayen ba.

Ku dubi jihar Oregon a Amurka. A 2020 mutanen jihar da ƙuri'arsu suka cire ɗauri a kan wanda aka samu da 'yar ƙwaya kaɗan. Da aka fara tsallake masu yi wa kansu allurar ƙwaya a bakin shaguna a Portland, birni mafi girma a jihar, sai ra'ayi ya juya. A 2024 majalisar jihar ta dawo da laifin, ko da yake ta bar ƙofar tura mutum magani kafin kotu.

Shirin LEAD na birnin Seattle a Amurka, na tura mutum neman taimako maimakon kotu, tun 2011, ya fi kwanta mini. Ɗan sanda na haɗa mutum da ma'aikacin da zai bibiye shi, ya nemo masa wurin kwana da magani. To in babu gado a asibiti, babu mai bibiya, ina za a tura shi? Mai shagon da ke share sirinji kullum da safe kam, kamu zai ce a yi.