Wai zanen mota ba zane ba ne, inji Dakta

Tun ranar Asabar nake danne maganar nan, na ce bari zuciyata ta huce tukuna kar in rubuta abin da zan dawo ina gogewa. Yau kwana huɗu bata huce ba, dan haka ga ta nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Waɗanda suka je baje kolin zane-zanen nan sun gani da idonsu, waɗanda basu je ba kuma nasan labari ya iske su, ba sai na kama suna ba. Yaro ya kwashe wata huɗu a kan zanen mota ɗaya, ya naɗe shi da zanin gadon babarsa kar ƙura ta taɓa, ya rungumo shi a adaidaita sahu, ya zo ya rataye. Sai ga Dakta da 'yan rakiyarsa. Ko minti ɗaya bai yi a gaban zanen ba. Cewa yayi, "Samari wannan ai kalandar garejin bakanike ce, ina al'adarka a ciki?" Aka kwashe da dariya. Yaron ya ce "na gode ranka ya daɗe", har da ɗan rusunawa. Wallahi rusunawar nan ce ta tsaya min a wuya har yau.

Ba a kalli zanen ba jama'a. Mota aka hango aka yanke hukunci aka wuce gaba.

Ni na tsaya na kalla, na fi kwata na awa a wajen. Ferrari 250 GTO ce ja. Kuma bai zana ta tana ƙyalli irin ta talla ba, ya zana ta kamar yanzun nan ta fito daga tsere, taɓo ya fantsamo har ƙofa, ƙwari sun mutu a hancinta wajen 'yan kafofin iskar nan guda uku masu kama da rabin wata. Hasken yamma ya kwanta a kan bonet, ta gefen rana ja ne jawur, ta gefen inuwa ya koma ruwan zoɓo. Wayoyin cikin taya ɗaya bayan ɗaya ya ja su, na fara ƙirgawa na kai talatin da wani abu na haƙura. Wannan shi ne kalandar gareji. Toh madalla. Allah ya bamu garejin da ake rataye irin wannan, ni a can zan dinga kai mota ko lafiyarta ƙalau.

Abin da ya fi bani dariya, a dama da zanen yaron akwai zanen mace da ƙwaryar nono a ka, a hagu akwai mahayin doki ranar hawa, can gaba wata macen da wata ƙwaryar. Duk baje kolin da ka je a ƙasar nan sai ka tarar da baiwar Allahn nan da ƙwaryarta, shekara da shekaru bata sauke ba, ko wuyanta baya ciwo. Nan Dakta ya tsaya yana gyaɗa kai yana "ka ga aiki". Ɗaya daga ciki hannun matar ya fi ƙafarta tsawo, babu wanda ya ce uffan, tunda ai al'ada ce. Kenan ba hannun mai zane ake dubawa ba, abin da ya zana ake dubawa, in ƙwarya ce an ci, in mota ce an faɗi tun kafin a buɗe ido.

Kuma dan Allah meye bambancin doki da mota a nan? Dokin da ake sa wa jalala da dan kai da sirdi mai azurfa ranar hawan Sallah na talaka ne? Na sarakuna ne da masu hannu da shuni, abin hawa ne na alfarma da nuna isa. Mun yarda a zana shi, mun yarda a yi masa kirari, amma abin hawan alfarma na wani zamanin shi ne haramun. Ita kanta Ferrari ɗin doki ne a goshinta, baƙin doki ya ɗaga ƙafafun gaba, wanda asalinsa tambarin wani matuƙin jirgin yaƙin Italiya ne Francesco Baracca da ya mutu a 1918, mahaifiyarsa ce ta ce wa Enzo Ferrari mai kamfanin ya sa a motocinsa, shi kuma ya ɗora shi a kan ruwan ɗorawa, launin garinsu Modena. Da Dakta ya matso kusa da ya ga dokin da yake nema, yana nan a jikin motar ɗan mitsitsi.

Motar da aka raina ɗin nan guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Injin mai fulogi 12. Jikinta ba inji ne ya buga shi ba, maƙera ne a shagon Scaglietti suka dinga bugun farantin alminiyom da guduma har ya lanƙwasu yadda suke so, shi yasa in ka jera biyu ba za su zo daidai da daidai ba. A 2018 an yi gwanjon guda ɗaya a Kalifoniya a kan dala miliyan 48.4. A 2019 wata kotu a Bologna ta yanke cewa ita motar kanta aikin fasaha ce, ba a yarda wani ya kwaikwayi ƙirarta ba. Alƙalai a Italiya sun zauna sun ce motar fasaha ce, mu kuma a nan wanda ya zana ta da hannunsa an ce kalanda yayi.

Nasan me za ku ce, tun ranar ake ta faɗa min. Wai ana fama da tsadar masara yaro na zana motar biliyoyin naira. Toh in ya zana ƙwarya farashin masara sauka zai yi? Wai kwaɗayin abin duniya ne. Wanda ya zana gidan sarki shi ma sarauta yake nema kenan. Wai hoto ya kalla ya kwafa. Shi mai dokin a ɗakinsa ya ɗaure dokin wata huɗu? Ku bar wannan maganar dan Allah. Har da wanda ya ce min ai ba namu ba ne, na Turawa ne, yana faɗa yana kaɗa makullin Mercedes a yatsa.

Su waɗanda ake cewa nasu ne ɗin sun daɗe da gama wannan gardamar. Gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York tun 1951 ya shigo da motoci takwas ya baje su kamar yadda ake baje sassaƙa, a 1972 kuma ya ajiye wata 'yar motar Italiya Cisitalia 202 cikin kayansa na dindindin. A 1975 wani Bafaranshe Hervé Poulain, dillalin gwanjon zane ne kuma direban tsere, ya roƙi mai fasahar nan Ba'amurke Alexander Calder ya fente masa motar BMW 3.0 CSL, aka shiga da ita tseren awa 24 na Le Mans, bata ma ƙarasa ba amma daga nan abin ya zama al'ada. A 1979 mai zanen nan Andy Warhol ya ɗauki burushi da kansa ya shafe BMW M1 cikin ƙasa da rabin awa, har da sawun yatsunsa a cikin fentin, motar ta je Le Mans ta zo ta shida. Rabin awa fa. Yaronmu wata huɗu.

In kuma Turawan ne ba a so, ga Esther Mahlangu, 'yar ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu, wadda ta koyi zanen bangon ɗaki wajen mahaifiyarta da kakarta, da gashin kaza take zane. A 1991 aka bata BMW 525i ta zuba mata zanen bangon garinsu tun daga bamba har taya, ita ce mace ta farko da aka ba wannan aikin. A 2024 Julie Mehretu haifaffiyar Addis Ababa ta yi ta ashirin a jerin motocin BMW da masu zane suka fente. Babu wanda ya tare su ya ce ina al'adarku. Ita Mahlangu ma ai al'adar ta ɗauka ta ɗora wa motar.

Kuma mu ɗin nan da ake cewa mota ba tamu ba ce, ku shiga cikin birnin Zariya ku dubi tsofaffin gidajen da magina suka yi wa ado a fuska, za ku ga dagi, za ku ga takobi, za ku ga keke har da mota an fito da su a jikin bango. Maginin da ya yi wannan bai nemi izinin Dakta ba, abin da ya burge shi a zamaninsa ya sa. Ga gingimari, wa bai taso yana kallon bayan gingimari ba? Zaki da gaggafa da dabino, a sama an rubuta haƙuri maganin zaman duniya. Mun fi shekara hamsin muna zane a jikin mota, yau an zana motar kanta an ce baƙon abu ne.

Wani abu ma da ban so in taɓo ba amma bari in faɗa. Yaron nan da bakinsa ya gaya min dalilin da yasa ya koma zanen motoci, babansa ne bai son yana zana abu mai rai, suka yi ta samun saɓani a gida, shi ne ya nemi abin da zai zuba basirarsa a kai ba tare da ya saɓa wa mahaifinsa ba. Ya samo mafita da kansa, cikin ladabi. Sai kuma a zo gaban mutane a ce masa ya koma ya zana mace da ƙwarya. Da aka tashi ni na taya shi sauke zanen, hannunsa na rawa wajen ɗaure zanin gadon, yana ce min "Yaya ko dai gaskiyarsu ne?" Na rasa me zan ce masa a lokacin, shi yasa nake faɗa yanzu. Ƙanena ba gaskiyarsu ba ne. Da sun ce inuwar ƙarƙashin motar tayi nauyi da na yarda, dan ni ma na ga tayi nauyi kaɗan, kuma tayar baya ta ɗan karkace. Wannan shi ne gyara. Amma sai an kalla ake ganin wannan, su kuma basu kalla ba.

Na ce masa na gaba ya zana min Peugeot 504, Fijo dai tamu ta Kaduna da aka fara haɗawa a 1975, kuma zan biya. Mutane da yawa basu san gidan Pininfarina da ya zana wa Ferrari motoci bila adadin shi ya fitar da surar 504 ba, kuma a 1975 ɗin ita ta cinye tseren Safari a Kenya. Babanmu yana da ita fara, mai giya a sitiyari, mu bakwai ake lodawa a baya ranar Sallah, kujerar ta ɗau zafi tana ƙona cinya, in za a tashe ta da safe sai an turo ta daga zaure zuwa bakin masallaci. Tana nan a gidan kawunmu an ɗora ta a kan bulo kaji na ƙwai a ciki.