Kowa da abin da yake nema in tauraro ya shiga daji

Duk shekara in watan Nuwamba ya kama, sanyi ya sauka, duhu ya fara rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma, Ingila takan samu abin hira guda da ya haɗa direban bas da likita da mai shara: su wa aka tura daji bana? Tashar ITV ce ke kwasar shahararrun mutane kamar goma sha biyu, mawaƙa da tsofaffin 'yan ƙwallo da 'yan wasan kwaikwayo, ta kai su wani daji a jihar New South Wales ta Ostireliya, a karɓe musu waya, a bar su mako uku suna kwana a waje. Sunan shirin I'm a Celebrity... Get Me Out of Here!, tun 2002 ake yinsa, kuma in ya yi tashe sama da mutum miliyan 10 ke kallonsa a dare ɗaya. Tun kafin a fara jaridu ke ta kirdado, duk sanannen da ya sauka a filin jirgin Brisbane sai an ɗauki hotonsa. Ranar da aka tabbatar da sunan wani kuwa, masoyansa sai ka ce kujerar Makka aka ba su.

Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kana ƙaunar mawaƙi, an ce maka za a kwantar da shi cikin akwati a zuba masa kyankyasai da ɓeraye, kai kuma kana tsallen murna. A ganina dajin bai dami kowa ba. Abin da ake ɗoki shi ne a ga babban mutum shi kaɗai, babu 'yan rakiya, babu mai gyara masa fuska, babu mai rubuta masa abin da zai faɗa. Sai dai abin da ake fatan gani in an tuɓe masa wannan rigar ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, kuma nan ne zamana a Ingila ya buɗe mini ido.

Wahalar dai ta haya ce, kowa ya sani. Uban tafiyar wannan sana'a wani Bature ne ɗan Birtaniya, Bear Grylls, tsohon sojan ko-ta-kwana wanda ya karye a baya a 1996 da laimar saukarsa ta ƙi buɗewa sosai, ya warke, ya hau dutsen Everest a 1998 yana ɗan shekara 23. Namiji ne, ba a ƙwace masa wannan ba. Amma a 2007 jaridu suka bankaɗo cewa wasu dararen da aka nuna kamar a jeji ya kwana a shirinsa na Man vs. Wild, ashe a otal ya yi su, kuma dawakin da aka ce na jeji ne daga wani wurin kiwo aka kawo su. Ya ba da haƙuri, aka riƙa saka gargaɗi a farkon shirin cewa akwai ma'aikata tare da shi kuma ana tsara wasu abubuwan. Kasuwarsa ba ta faɗi ba. A 2014 ma ya buɗe sabon babi da Running Wild, inda yake ɗaukar tauraro ɗaya su yi kwana biyu suna sauka daga duwatsu da igiya, suna tsallaka rafi, suna cin abin da suka tsinta. Kate Winslet ta je, Roger Federer ya je, Julia Roberts ta je.

Mai son ganin wahala ta gaske akwai inda zai leƙa. Wani shiri na Amurka mai suna Alone, da aka fara a 2015, yakan watsa mutum goma a ƙungurmin jeji, kowa shi kaɗai da kyamararsa, ba ma'aikaci ko ɗaya, wanda ya fi kowa daɗewa ya ɗauki dala 500,000. A zagaye na bakwai wani ya yi kwana 100 cikin ƙanƙarar arewacin Kanada ya karɓi dala miliyan 1. Mutane na ramewa har likita ya ce dole a fitar da su. Taurari ba sa zuwa can, kuma ba na jin masoyansu za su so su je. Kwana biyu da jirgi mai saukar ungulu yana jira a bayan tudu, iyakar abin da ake buƙata ke nan.

To shi Baturen Ingila so yake ya ga babba ya ji jiki. Tsarin shirin ITV ma a kan haka aka gina shi: masu kallo ke jefa ƙuri'a ta waya su zaɓi wanda za a saka cikin ramin macizai ko a ba shi wani abin ƙyama ya ci, in ya daure ya samo wa 'yan sansanin abinci, in ya gaza kowa ya kwana da shinkafa da wake. I, shinkafa da wake ce horon, ni ma ranar da na fara jin haka sai da na ajiye cokali don dariya. Wanda ya shiga da girman kai shi ake ta maimaitawa kullum har ya laushi. Amir Khan, ɗan damben da ya taɓa riƙe kambin duniya, ya kurma ihu a 2017 da hannunsa ya taɓa maciji, kuma ƙasar nan ta kwana tana shewa. Waɗanda ke lashe gasar kuwa masu sauƙin kai ne, irin su Harry Redknapp, tsohon kocin ƙwallo da ya ci a 2018 yana ɗan shekara 71, abin da ya fi yi a dajin shi ne ba da labarai da yabon matarsa. Ƙaunar Bature ga tauraronsa akwai tsokana a ciki: ina sonka, amma sai na ga ka firgita kafin in yarda kai ma mutum ne.

Indiya kuma wata duniya ce. A can tauraro ba ya shiga daji don a rage masa tsawo. Da Rajinikanth, babban jarumin finafinan Tamil na kudancin Indiya, ya bi Bear Grylls zuwa gandun dajin Bandipur a jihar Karnataka a farkon 2020, yana ɗan shekara 69, karo na farko ke nan da ya fito a irin wannan shiri na talabijin bayan fiye da shekara 40 yana fim. Wannan mutum ne da masoyansa ke kafa ƙaton hotonsa a ƙofar silima su yi masa wanka da madara. Da aka ji ƙishin-ƙishin cewa ya ji ciwo wurin ɗauka, hankula suka tashi, sai da ya fito da kansa ya ce ƙaya ce kawai ta ƙarce shi. Wani maƙwabcina ɗan ƙabilar Tamil, magidanci mai natsuwa wanda ko gaisuwa ba ya tsawaitawa, ya tare ni a matakala ya miƙo mini wayarsa in kalli tallan shirin. Tallar ba ta kai minti ɗaya ba: jarumin ya sauko daga wata mota, ya murza tabarau a hannu ya ɗora a ido. Ya mayar da ita farko, ya sake mayarwa, yana kallon fuskata yana jiran ya ga ta canza. Bai ce mini komai kan dajin ba, kuma da na tambaye shi ko jarumin zai iya jure wahalar sai ya dube ni kamar na yi saɓo.

Bayansa Akshay Kumar ya je ya sha shayin da aka dafa da kashin giwa, Ajay Devgn ya je teku, sannan a 2022 Netflix ta kai Ranveer Singh jejin ƙasar Sabiya a Turai wai ya tsinko wa matarsa Deepika Padukone wani fure da ba a cika samu ba. Ka ga an mayar da shirin tsira fim ɗin soyayya, har da kuka. Duk cikinsu babu wanda aka bari ya ji kunya. Ba'indiye ya zauna kallo ne don a tabbatar masa jaruminsa na fim jarumi ne a zahiri, kuma masu shirin sun san inda kuɗinsu yake.

Mu fa? Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun ɗauko rabin wannan hali. Duba yadda masoyan jaruman Kannywood ke tada jijiyar wuya a Facebook da TikTok, kowa na kare gwaninsa kamar ɗan uwansa na jini. Da za a ce an kai wani babban jaruminmu daji, na tabbata kafin a haska shirin an gama raba gari biyu, waɗannan na cewa ko zaki ya gan shi sai ya kauce, waɗancan na cewa ai a mota ya kwana. Sauran rabin halin namu ne na kanmu, wato binciken tarbiyya. A ce jaruma ce aka ɗaure da igiya ɗaya da wani namiji suna sauka daga dutse, wa zai tsaya maganar jarumtarta? Ba a manta ba yadda ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa guda. Shirin daji da Najeriya ta yi nata, Gulder Ultimate Search da aka fara a 2004, kamfanin giya ne ya ɗauki nauyinsa, wannan kaɗai ya isa ya sa Arewa ta kalle shi a kaikaice.

Akwai kuma abin da ke hana ni sakin jiki in yi dariya yadda abokan aikina ke yi. Su daji wurin hutu ne, ana biyan kuɗi a shiga. Wanda yake da dangi a kusa da Rugu ko Kamuku ko Sambisa, in ya ji an ce wane ya yi mako uku a daji, gabansa ne zai fara faɗuwa, tambayar farko kuma ita ce nawa suka nema. Akwai mutanenmu da suka yi tafiyar kwanaki ba takalmi, suka sha ruwan kududdufi, suka dawo ba wanda ya tafa musu. Ban ce Bature ya daina nishaɗinsa saboda mu ba. Amma in mai gabatarwa ya kira wani gwarzo don ya haɗiye tsutsa, sai in ji wani abu ya tokare ni.

Duk wannan da sauƙi muddin mawaƙa ne da 'yan fim. Inda na ja layi shi ne shigowar 'yan siyasa, don sun gano cewa daji na wanke mutum fiye da kowane taron manema labarai. Barack Obama na Amurka ya bi Grylls a 2015 kan ƙanƙarar Alaska yana kan mulki, ya ci ragowar kifin da beyar ta bari, jami'an tsaro na zagaye da su. Shi dai ya ce don ya ja hankali kan ɗumamar yanayi ya je, kuma ƙanƙarar da ke narkewa tana nan a bayansa kowa na gani. Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya bi sahu a 2019 a gandun Jim Corbett. Yana magana da Hindi, ana fassara wa Grylls ta wata 'yar na'ura a kunne, yana ba da labarin talaucin da ya taso a ciki, an miƙa masa mashi ya ce tarbiyyarsa ba ta yarda ya kashe rai ba. Sa'a guda cur ba tambaya ɗaya mai zafi. An ɗauki shirin ne ranar 14 ga Fabrairu, ranar da harin Pulwama a yankin Kashmir ya hallaka jami'an tsaron Indiya 40, kuma 'yan adawa sun zarge shi da ci gaba da ɗauka bayan labarin ya fito, ɓangarensa ya musanta.

Na Ingila ya fi ba ni mamaki, don a nan ne na zaci tsokanar nan za ta yi maganin ɗan siyasa. Matt Hancock shi ne ministan lafiya lokacin korona. Ya sauka a 2021 bayan an ga hotonsa rungume da wata ma'aikaciyarsa a ofis, a daidai lokacin da dokar da ya sa hannu a kai ta hana mutane kusantar juna. A 2022, yana ɗan majalisa mai ci, ya bar mazaɓarsa ya tafi dajin ITV, jam'iyyarsa ta dakatar da shi, aka biya shi fam 320,000, ya ba da 10,000 sadaka. Wata abokiyar aikina, dattijuwa da ba ta samu tsayawa kan gawar yayarta ba saboda waccan doka, kullum da hutun rana sai ta ciro waya ta nuna mana ta sake zaɓensa a saka shi cikin ƙwari. Tana danna wayar da ƙarfi kamar idonsa take tsokanewa. Miliyoyi sun yi irin nata, aka yi ta tura shi dare bayan dare. Shi kuwa ya ci duk abin da aka ba shi, bai yi ƙorafi ba, ya ce yafiya yake nema. Kafin mako na uku sai ga baiwar Allah nan tana juya shayinta tana cewa gaskiya dai ya yi ƙoƙari. Ya ƙare na uku, a bayan Jill Scott, tsohuwar 'yar ƙwallon Ingila da ta lashe gasar. Bai amsa tambaya ko ɗaya a dajin kan tsofaffin da suka mutu a gidajen kula da su ba yadda za a ce an gamsu, amma mutane da yawa sun ji kamar ya biya bashi.

Shekara na zagayowa Nigel Farage ya shiga, mutumin da ya gina sunansa kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai da kuma sukar baƙi irinmu. Bai ɓoye ba cewa matasan da ba sa kallon labarai yake son isa gare su. Mako uku ana nuna shi yana wanke kwanuka, yana raha, yana cin abin ƙyama da murmushi, shi ma ya zo na uku. Kafin nan sau bakwai yana neman kujerar majalisar dokoki yana faɗuwa. A watan Yulin 2024 ya ci mazaɓar Clacton, jam'iyyarsa ta Reform UK ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4. Dalilan nasararsa suna da yawa, ba zan ɗora wa shirin talabijin ɗaya ba. Amma na zauna da yaran da suka fara zaɓe a shekarar, kuma wasunsu ba su taɓa jin jawabinsa kan 'yan gudun hijira ba, abin da suka sani shi ne dattijon nan mai ban dariya na cikin daji.