An tsawaita katangar lasisin canji, an manta da ƙofar talaka

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara ashirin yana canji a Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge a Kano. Bai yi boko mai zurfi ba, amma in ka miƙa masa takardar dala ɗari, kafin ya ɗaga ta ya haska, babban yatsansa ya riga ya bi ta kan kafaɗar rigar mutumin da ke jikinta. In ya ji kaushi, sai ya gyaɗa kai. In ya ji santsi, sai ya miƙo maka abarka bai ce uffan ba. Kayan aikinsa ba su wuce benci, kalkuleta, robar ɗaure kuɗi, waya biyu da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ya sha gumi ba. Da wannan bencin ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya kai iyayensa Makka.

Kwanaki na je gaishe shi, na ce, "Kawu, ina aka kwana maganar sabon lasisi?" Ya ajiye kalkuletar ya dube ni ya ce, "Ɗana, miliyan ɗari biyar fa suka ce. Da ina da ita, me zai zaunar da ni a kan bencin nan rana tana dukana?"

Tun ranar maganar take cina, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Ga yadda abin ya faro, ga wanda bai bi ba. Ranar 1 ga Maris, 2024, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya. Dalilan da ya bayar su ne rashin biyan kuɗin sabunta lasisi, rashin kai rahoton ciniki, da rashin bin ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram. Lasisin ubangidan da kawu yake aiki a ƙarƙashinsa yana ciki. A watan Mayu na shekarar aka fitar da sabon tsari mai aji biyu. Aji na farko, wanda zai iya buɗe rassa a ko'ina a ƙasar, jarinsa naira biliyan 2. Aji na biyu, wanda zai tsaya a jiha ɗaya da rassa da ba su wuce biyar ba, naira miliyan 500. Kafin nan, tun 2014, jarin da ake nema naira miliyan 35 ne. Aka ce kowa ya sake neman lasisi, aka ba da wata shida, aka ƙara wa'adin zuwa 3 ga Yuni, 2025. Da aka zo fitar da sunaye a ƙarshen 2025, kamfanoni 82 ne suka samu lasisin ƙarshe. Ƙasar da ta taɓa yin 'yan canji masu rajista sama da 5,000.

Kada wani ya ɗauka na zo wanke 'yan canji ne. Ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san abin da ya faru a shekarun da Babban Banki yake raba dala 20,000 ga kowane lasisi duk mako. A tsakiyar 2021 tazarar da ke tsakanin farashin da ake ba su da na kasuwar bayan fage ta kai kusan naira 100 a kan kowace dala. Ku lissafa: naira miliyan 2 ke nan a mako, ba ka ɗaga ko tsinke ba. Sai lasisin kansa ya zama haja. Mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani goma da sunan mata da 'ya'ya da direba, ba shago, ba teburi, ba abokin ciniki, sai ranar rabo ya je ya kwasa ya juyar. Da yawa daga masu wannan ba su taɓa zama a Wapa ko Zone 4 ta Abuja ba, manyan mutane ne masu alfarma. Wannan ne ya sa gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya rufe famfon ranar 27 ga Yuli, 2021. Sannan ga maganar da ta fi wannan ɗaci: an yanke wa wasu 'yan Najeriya shida hukunci a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan tura wa Boko Haram kuɗi, kuma a Fabrairun 2023 aka saka ƙasar nan cikin jerin ƙasashen da duniya ke sa wa ido kan safarar kuɗi, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025. Mu da muka ga abin da ta'addanci ya yi wa Arewa, ba za mu ce a bar kuɗi suna yawo ba mai tambaya ba. Lasisi dole ne. Sa ido dole ne.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin a haifi Babban Banki, malamanmu suna karantar da babin canji a zaure: hannu da hannu, kada a rabu sai kowa ya karɓi nasa. Kakanninmu sun canza wuri da azurfar Mariya Tareza a kasuwar Kurmi, kuma kasuwa tana da sarkinta, dillalai suna da nasu. Bahaushe bai taɓa cewa a yi ciniki ba shugaba ba.

Abin da nake ja da shi shi ne ma'aunin da aka ɗauka. An auna amana da nauyin jari. Wanda ya yi rajistar kamfani goma ya sha rabon dala shekara da shekaru, shi ne mai miliyan 500 a yau. Wanda ya zauna a benci yana cin ribar naira biyu ko uku a kan dala, shi ne ba shi da ita. An yi wa kowa kuɗin goro, sai mai laifin ya tsallake katangar da kuɗin laifin, mai gaskiya ya rage a waje. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku duba wani abin da ya ɗaure mini kai. Babban Bankin nan dai shi ne ya raba ƙananan bankuna zuwa aji-aji, har ya ce ƙaramin bankin karkara zai iya tsayawa da jarin naira miliyan 50. Wannan fa banki ne da ke karɓar ajiyar mutane, ya kwana da ita, ya ba da rance da ita. Ɗan canji kuwa ba ya kwana da kuɗin kowa. Ka ba shi, ya ba ka, ku rabu. Ta yaya wanda ke riƙe amanar ajiya zai shiga da miliyan 50, wanda ke musayar hannu da hannu a ce sai ya ninka haka sau goma? Na juya wannan lissafin ta kowace fuska, bai zauna mini ba.

To, da aka soke lasisin, Wapa ta watse? Ku je ku gani. Ana nan ana ciniki kamar jiya. Ɗan kasuwar Kwari da zai yi odar atamfa yana zuwa. Uban da ɗansa ke karatu a Masar yana zuwa. Hajiyar da za ta Umara tana aiko jikanta ya sayo mata riyal. Wanda ɗan'uwansa ya dawo daga Saudiyya ko Libiya da 'yan kuɗin waje a aljihu yana zuwa. Buƙatar tana nan, mutanen suna nan, abin da ya canza kawai shi ne yanzu mafi yawan cinikin ba ya cikin littafin kowace hukuma. Gwamnatin da ke son ganin inda kuɗi ke bi, da hannunta ta kashe fitilar. Sabon tsarin ya ce duk wanda ya kawo dala 10,000 ko fiye ya faɗi inda ya samo, kuma cinikin da ya wuce dala 500 a biya shi ta asusun banki. Ƙa'idoji ne masu kyau, wallahi. Amma wa za su hau kansa? Kamfani 82. Sauran dubban, doka ba ta san da zamansu ba sai ranar kame.

Na taɓa ɗanɗana abin da rashin rajista ke jawowa. Wata shekara, a wani gari da ba namu ba, ina sauri zan sayar da dala 400 in biya kuɗin aikin asibiti. Wani matashi ya tare ni a bakin titi da farashi mai daɗi. Ya ƙirga a gabana, na gani da idona, ya karɓe ya ce bari ya ɗaure mini da roba, ya miƙo. Sai da na isa wajen biya na kwance, na tarar tsakiyar ɗaurin ya rame. Na koma da gudu, ko ƙurarsa babu. Ba rasit, ba shago, ba suna. Da na ba kawu labari, ya yi salati ya ce, "Da a nan ne, a bencin da aka sani, kafin La'asar shugabannin kasuwa sun karɓo maka kuɗinka, shi kuma ya bar layin." Wannan maganar ita ce jigon abin da nake faɗa. Kasuwar tana da tsarinta na sanin juna: wane yaron wane ne, wane ya tsaya wa wane. Dokar da ta san abin da take yi, a kan wannan tsarin za ta yi gini. Yanzu kuwa doka ta zuba kawu da wancan matashin a kwando ɗaya, dukansu marasa lasisi.

Sai maganar cewa 'yan canji ne ke karya naira. Bayan rufe famfon 2021, dala da ke wajen 500 ta doshi 570 cikin wata biyu. A Fabrairun 2024, lokacin da EFCC ke kai samame kasuwannin canji, ta doshi 1,900, kuma kafin watan ya ƙare Babban Banki da kansa ya koma sayar wa 'yan canji dala don farashi ya lafa. Ƙasar da ke shigo da alkama da magani da kayan gyaran mota, dala ba ta isarta, ba bencin Fagge ne matsalarta ba.

Akwai kuma mutanen da na tabbata ba a tuna da su ba a ɗakin da aka rubuta tsarin nan. Ku je Jibiya, Illela, Mai'aduwa ko Maigatari ranar kasuwa. Mai awaki ya taho daga wajen Maraɗi ko Ƙonni, ya sayar da naira, zai koma gida da sefa. Wanda zai canza masa yana zaune a kan tabarma da jaka a cinya, jarinsa duka bai kai kuɗin tsohuwar mota ba. Can ma ƙirgar daban ce, dala a bakinsu tamma biyar ce ta sefa, jika kuma dubu. Wane mai biliyan 2 ne zai buɗe reshe a can saboda mai akuya uku? In babu mai tabarmar nan, kasuwar iyaka ta tsaya cik.

Wasu ƙasashen sun fuskanci irin wannan. A Amurka akwai shagunan da ke karɓar cek ɗin albashin lebura su ba shi tsabar kuɗi su cire la'ada, saboda miliyoyin mutane ba su da asusun banki. Jihohi ne ke ba su lasisi. Jihar Illinois tana da dokarsu tun 1943. A New York hukumar kuɗi ta jiha ce ke yanka iyakar la'adar da za su cira, kuma suna yin rajista da hukumar tarayya mai bin sawun kuɗin haram. Ƙarfin dokar yana kan halayya ne: nawa ka caja, wa ka yi ciniki da shi, ina rahotonka. Na san a nan tsarin mulki ya bar harkar kuɗi a hannun tarayya, don haka gwamnan Kano ba zai ba da lasisin canji ba. Amma babu abin da ya hana Babban Banki yin aji na uku.

Abin da nake roƙo ke nan. A yi ƙaramin lasisi na teburi ɗaya, da jarin da ɗan kasuwa na gaske zai iya haɗawa, da iyakar cinikin da zai yi a rana. Kada a ba shi ko sisin dalar gwamnati, don kada 'yan rabo su dawo ta bayan gida. A ɗaure shi da lambar BVN da ta NIN, mutum ɗaya lasisi ɗaya. Ya kafa allon farashi, ya ba da rasit, ya shigar da kowane ciniki ta waya. Ƙungiyar kasuwarsa ta tsaya masa, in ya ci amana ita ma ta ji a jikinta. An yi wa masu POS makamancin wannan, ga su nan a kowane lungu suna aiki ƙarƙashin rajista. Na san za a ce ai manyan kamfanonin aji na farko suna da damar ɗaukar wakilai. Haka ne, amma wannan yana nufin mutumin da ya gina sana'arsa shekara ashirin ya koma yaron shagon wanda bai san bambancin tsohuwar dala mai ƙaramin kai da sabuwa mai shuɗin zare ba, kuma sai in an ga damar ɗaukarsa.

Ƙungiyar 'yan canji ta ƙasa da Aminu Gwadabe ke shugabanta ta yi ta kokawa kan yawan jarin nan. Amma muryar da ba na ji ita ce ta wakilanmu a Majalisar Tarayya. Sana'ar nan, daga Legas har Fatakwal, yawancin masu yinta 'ya'yan Arewa ne, kuma kowane benci yana ciyar da gida fiye da ɗaya. Mai wakiltar Fagge da sanatocin Kano da na Katsina da na Sakkwato, wannan maganar taku ce, ku ɗauke ta ku kai zauren.

Kafin in taso ranar, wata dattijuwa ta zo da riyal 200 a ƙulle a bakin zani. Kawu ya gaishe ta da "Sannu da zuwa, Baba," ya danna kalkuleta ya juya mata fuskar ta gani, ya ƙirga mata kuɗinta sau biyu. Sannan ya buɗe littafin nan mai baƙin bango ya rubuta kwanan wata da adadin, kamar yadda ya saba tun lokacin da akwai wanda ake kai wa rahoto.