Digirin Raino

Tudun Wada, Kaduna, bayan la'asar. Ɗan Boko ya dawo hutu daga 'yar jami'ar nan tasu da shugabanta ya san kowa da suna. Kaka na bakin murhu tana dama kunu.

Kaka: Angona, an ce shekara 4 za ka yi. Likita ko lauya?

Ɗan Boko: Koyar da ƙananan yara nake karanta, amarya. 'Yan ƙasa da shekara 6.

Kaka: Au, raino.

Ɗan Boko: Ba raino ba ne, ilimi ne.

Kaka: Suna fitsari a wando?

Ɗan Boko: Wani lokaci.

Kaka: Wa ke wankewa?

Ɗan Boko: Da muka je koyarwar gwaji a Rigasa dai... ni ne.

Kaka: To raino ne mana! Tara na goya, zani uku na kashe, ko takardar tsire ba a ba ni ba.

Ɗan Boko: Ke ba ki san Mariya Montesori ba. Likita ce 'yar Italiya, a 1907 ta buɗe gidan yara a birnin Rum. Ta sa aka sassaƙa kujeru daidai tsayinsu, su yi shara, su zuba ruwa a kofi, su ɓalla maɓalli da kansu.

Kaka: Shara? Ni na ba ƙanwarka tsintsiya, uwarku ta ce ina bautar mata da 'ya. Baturiya ta ba da tsintsiya, an kafa allo a Unguwar Rimi ana karɓar kuɗi.

Ɗan Boko: To bari na kawo miki Piyaje.

Kaka: Wa ya je?

Ɗan Boko: Piyaje! Masani ne ɗan Suwizalan. Sai ya zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, yaro na kallo. Ya juye ɗaya a wani kofi dogo siriri, ya ce wanne ya fi yawa? Yaron da bai kai kamar shekara 7 ba sai ya nuna dogon, don tsayi kawai yake gani, bai lura da faɗi.

Kaka ta ajiye ludayi, ta yi dariya har ɗankwali ya zame.

Kaka: Wannan ne aka biya kuɗin makaranta a kai? Da me kake tsammani na ciyar da ku takwas da kunun mutum biyar? Mai rigima a ba shi dogon kofi, ya tafi yana yi wa sauran gwalo.

Ɗan Boko: Allah sarki, yarinta! Wane sakarai ne ke karɓar dogon?

Kaka: Shekara nawa ka ce ake warkewa?

Ɗan Boko: Wajen 7.

Kaka: Kai kuma yanzu nawa?

Ɗan Boko: 23. Me ya faru?

Kaka: Ba komai, angona. Sha kununka kada ya huce.

Ɗan Boko ya dubi kofin da ke hannunsa. Da kansa ya zaɓe shi ɗazu, har da ture ƙanwarsa.