Ɗaure Fuska Ba Shi Ne Tsoron Allah Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana mazauna Zangon Kumasi, da duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi.

Akwai wata fahimta da ta samu gindin zama a tsakaninmu, cewa gwargwadon yadda mutum ya murtuke fuska gwargwadon tsoron Allahnsa. Saurayi zai fara zuwa karatu gaban malam, ya riƙe sahun farko, kowa ya yi masa murna, amma kafin a je ko'ina sai ƙannensa su fara gudun ƙofar ɗakinsa, mahaifiyarsa ma ta riƙa auna magana kafin ta aike shi. In an tambaye shi sai ya ce duniya ba wurin dariya ba ce. Ban san inda aka samo wannan karatu ba, domin Allah Maɗaukaki da kansa ya ce a Suratun Najmi, aya ta 43, lallai Shi ne ya sanya dariya, kuma Shi ne ya sanya kuka. A Suratun Namli ya ba mu labarin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana murmushi da dariya saboda maganar tururuwa, kuma abin da ya biyo bayan wannan dariya shi ne addu'ar neman ikon gode wa ni'ima. A Suratu Abasa kuma, da aka zo siffanta masu rabo ranar ƙiyama, an ce fuskokinsu masu haske ne, masu dariya, masu bushara.

Wanda ya fi kowa tsoron Allah shi ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma ga shaidar waɗanda suka zauna da shi. Abdullahi bin Haris ya ce bai taɓa ganin wanda ya fi shi yawan murmushi ba, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Jariru bin Abdullahi ya ce tun da ya musulunta Annabi bai taɓa ganinsa ba face ya yi masa murmushi, kuma wannan yana cikin Buhari da Muslim. Jabiru bin Samura ya ba da labarin cewa bayan sallar asuba sahabbai sukan zauna suna tuna abubuwan da suka yi a zamanin jahiliyya suna dariya, Annabi kuma yana tare da su yana murmushi. Ya tsokani ƙanin Anas, yaro ƙarami da tsuntsunsa ya mutu, yana cewa, ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi? Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa, sai Annabi ya ce, ashe akwai raƙumin da ba taguwa ta haife shi ba? Da sahabbai suka ce masa, ya Manzon Allah, kana yi mana raha, sai ya amsa cewa shi ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wannan shi ne mutumin da yake tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura.

Inda na fi so mu tsaya mu dubi kanmu shi ne cikin gida. Da yawa daga cikinmu, mu magidanta, ba mu rasa fara'a ba, sai dai a waje muke rabar da ita. Mutum zai wuni a rumfarsa a Kejetia ko a garejinsa a Suame yana washe baki ga mai saye, ya biya majalisar shayi a Aboabo a yi ta ƙyaƙyata har wani ya riƙe ciki, amma da ya taka bakin ƙofar gidansa sai ya haɗe girar sama da ta ƙasa. Yaran da ke guje-guje a tsakar gida su yi tsit, a rage muryar talabijin, uwargida ta ajiye tuwo ta ja da baya tana karantar fuskarsa don ta san ko yau ranar da za a iya tayar da zancen kuɗin makaranta ce. Na san wahalar neman sidi a wannan zamani, na san gajiyar wanda ya tsaya layin trotro, wato motar haya, bayan magariba. Amma hadisin Abu Zarri da ya ce murmushinka a fuskar ɗan'uwanka sadaka ne bai cire matarka da 'ya'yanka ba, hasali ma su ne suka fi cancanta da sadakarka. Yaron da bai taɓa yin dariya tare da mahaifinsa ba, ranar da ya shiga wata matsala ba wurin mahaifin zai kai ta ba, wurin abokan banza zai kai. Iyaye mata, ku ma ba ku fita ba, domin akwai gidan da yara ba su san muryar uwarsu ba sai a tsawa. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba baƙo kaɗai ake yi wa ita ba.

Masu binciken lafiya sun auna wani abu daga wannan ni'ima. A shekarar 2005, likitan zuciya Michael Miller na Jami'ar Maryland a Amurka ya gwada mutum 20 masu lafiya, ya nuna musu fim na ban dariya a wani zama, ya nuna musu na tashin hankali a wani zaman, yana auna gudun jini a jijiyar dantse. Bayan dariya gudun jinin ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, bayan tashin hankali kuma ya ragu da kusan kashi 35, saboda jijiyar tana sakewa a hali na farko, tana tsukewa a na biyu. A 2011 Robin Dunbar da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna cewa mutanen da suka yi dariya sosai tare sun fi jure zafi da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma sun danganta haka ga sinadaran rage raɗaɗi da ƙwaƙwalwa ke saki. Wani masani, Robert Provine, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya cikin jama'a fiye da in yana shi kaɗai da kusan ninki 30, abin da ke nuna mana cewa an halicce ta ne domin zama da mutane. Wannan ba ya nufin mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa ko ya daina zuwa awo a asibitin Komfo Anokye. Abin da yake nufi shi ne, wanda ya je duba marar lafiya ya zauna ya zabga tagumi yana lissafa waɗanda irin wannan ciwo ya kashe, bai kyauta ba. Ka yi masa addu'a, ka tuna masa wani abin da zai sa shi murmushi, ka tashi da wuri.

Kakanninmu da suka kafa zango sun san amfanin raha tun kafin a zo da na'urar awo. Wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ko Bagobiri da Bayarabe, ko kaka da jika, ya kashe rigingimu masu yawa kafin su kai gaban Sarkin Zango. Maƙwabtanmu Frafra da Dagarti ma suna da irinsa. Mutum biyu za su ɗaga murya a kan bashi, sai a gano taubasai ne, nan take a koma wane ne bawan wane, jama'a su kwashe da dariya, a sasanta.

Sai dai wannan wasa yana da ƙa'ida, ita ce duka ɓangarorin biyu suna dariya. In ɗaya yana dariya ɗaya yana sunkuyar da kai, an fita daga raha an shiga abin da Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana, wato wasu mutane su yi wa wasu izgili, alhali mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi su alheri. Abdullahi bin Mas'ud ya hau bishiya zai karyo asuwaki, iska ta bayyana siraran ƙwaurinsa, mutane suka yi dariya, sai Annabi ya ce waɗannan ƙwauri sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Mu tuna da wannan duk lokacin da aka kwaikwayi mai i'ina a majalisa, ko aka yi wa baƙon da ya zo daga arewa dariyar yadda yake karya harshen Tuwi. Mafi yawan masu irin wannan tsokana, in aka juyo kansu sai su fusata, wanzami dai ba ya son jarfa. Haka nan Annabi ya yi alkawarin azaba, har ya maimaita, ga wanda yake shara ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma ya ce a rage yawan dariya domin yawanta yana kashe zuciya. Wanda ya yi karatun littafin fiƙihu na Risala a makarantar zaure ya san cewa mai dariya a cikin salla sai ya sake ta, mai murmushi kuwa babu komai a kansa, don haka kowane abu da muhallinsa.

Ƙannena masu ɗaukar bidiyo a waya, da ku zan ƙarasa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Wannan fa igiya ce, kuma babu wanda ya gani sai abokan tafiya. To, ina ga wanda zai jefa wa tsohuwa macijin roba a hanyar kasuwa, ko ya ɗauki yarinya mai dakon kaya ta zame a cikin taɓo da tasa a kanta, ya ɗora a TikTok dubban mutane su yi mata dariya, ita kuwa tana tunanin yadda za ta biya tumatirin da ya zube? Wanda ya tura irin wannan bidiyo zuwa wani zauren WhatsApp ya yi tarayya a cikin laifin, haka shi ma mai kula da zauren da ya gani ya ƙyale. Wanda yake da irinsa a wayarsa ya goge shi, in kuma shi ya ɗauka kuma ya san inda mutumin yake, ya taka ya je ya nemi yafiyarsa, domin haƙƙin mutum ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi.