Fim ɗin da ya cire wa mai wuƙa kwarjini

Jiya bayan isha'i muna majalisa a Fagge, wani ƙanina ya ce Scary Movie, fim ɗin barkwancin Amurka mai kwaikwayon finafinan ban tsoro, shirme ne kawai, bai ga abin yabo a ciki ba. Na ce masa, ƙanina, kai ba ka riski lokacin da fim ɗin ban tsoro Scream ya hana mu barci ba, shi ya sa.

Scream ya fito a 1996, Wes Craven ne ya ba da umarni. Mutum cikin baƙar riga har ƙasa, da farar fuska mai dogon baki, ya kira yarinya a waya yana mata wasa da hankali kafin ya farke ta da wuƙa. A kaset muka kalle shi. Ƙanwata ta daɗe ba ta iya zuwa banɗaki da daddare sai an raka ta da fitila an tsaya mata a bakin ƙofa.

Sai ga Scary Movie a 2000, na Keenen Ivory Wayans da ƙannensa Shawn da Marlon, Anna Faris kuma ta fito a matsayin Cindy. Suka haɗa Scream da I Know What You Did Last Summer na 1997 suka dama: 'yan makaranta sun buge mutum da mota, sun jefa shi a ruwa, bayan shekara guda mai wuƙa ya dawo yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Dala miliyan 19 aka kashe, aka samu sama da miliyan 270. Sunan Scary Movie ma shi ne wanda aka fara sa wa Scream kafin a canja.

Abin da ya burge ni shi ne lura. Sun zauna sun karanci halin waɗannan finafinan tsaf. Yarinya tana gudun ceton rai, ta tarar da tebur ɗauke da makamai, ta bar bindiga da wuƙa ta ɗauki ayaba. Ta iso mararraba, allo ɗaya ya nuna tsira, ɗaya ya nuna mutuwa, ta bi hanyar mutuwa. Mai kisan kansa ya ɓuya a bayan kujera ƙafafunsa a waje, yana tambaya a waya wai a canki inda yake. Wallahi duk abin da muke yi wa talabijin ihu a kai ne, "Ke, fita waje mana, me ya kai ki sama?" Ranar da ƙanwata ta ga ƙafafun nan tana dariya har da hawaye, rakiyar banɗaki ta ƙare.

Amma zan faɗi gaskiya, akwai batsa a fim ɗin, mai yawa kuwa. Kada wani ya ji an ce barkwanci ne ya tura wa yara a waya. Da an cire ta ma babu abin da zai ragu.

Abin da ke cin raina shi ne namu na gida. Mu ma muna da abin kwaikwaya jibge: boka da jan ƙyalle da ƙwarya yana ƙyaƙyata dariya, aljana da farar hoda da gashi barbaje, kishiya ta tafi daji neman asiri da takalmi mai tsini. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya nuna cewa Bahaushe ya iya wannan gatsen tun kafin rasuwarsa a 2014. 'Yan Kannywood, don Allah wani ya rubuta mana irin wannan, mai tsafta, wanda zan zauna da Hajiyarmu da yarana mu kalla a tsakar gida.